Kaka, Mutumin Bata, da Yaren Aro

Ranar da aka kai kakata makwancinta, ruwa aka wuni ana yi, irin ruwan Libreville da ba ruwansa da hidimar kowa. Duk da haka lungunmu na Derrière la Prison ya kasa ɗaukar jama'a. Maza sun cika ƙarƙashin tamfol ɗin da aka kafa a ƙofar gida, waɗanda ba su samu wuri ba suka jingina da bango suna kare kai da kwali. A ciki kuwa, mata har bakin madafa.

Wani dattijo mutumin Maraɗi ya riƙa maimaita wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa ranar da ya sauka garin nan ko takalmi ba shi da shi, ita ce ta fara ba shi abin karin kumallo. Wani direban taksi ɗan Mali ya ce ai shi ɗanta ne, saura duk cin arziki suke. Maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Fang ta shigo tana kuka da ƙarfi irin nasu, tana kiran "Maman Hausa, Maman Hausa," har mahaifiyata ta bar nata kukan ta koma rarrashinta. 'Yan Garwa da 'yan Damagaram kuma saura kaɗan su yi rigima a kan wane gari ta fi so. Na yi dariya ina hawaye, domin na san da tana nan da ta kore su gaba ɗaya ta ce suna tare mata hanya.

Washegari da hantsi wata doguwar mata ta tsaya a bakin lungu, riƙe da jaka, mayafinta yana ta zamewa tana gyarawa. Ba ta shiga ba, ba ta koma ba. Na hango ta daga taga gabana ya faɗi. Na ji mata suna raɗa: "Wace ce wannan?" Wata ta ce, "Ai ko Hausa ba ta ji."

A zaman makokinmu mutane iri biyu ne: masu zuwa su yi gaisuwa su tafi, da masu zama a tabarma a yi musu gaisuwar. Matar nan ba ta san a wane ɓangare take ba. Mu ma ba mu sani ba, domin wadda ta ce tamu ce tana ƙarƙashin ƙasa, wanda gidan ya koma hannunsa kuwa, wato Kawu Ƙarami, bai taɓa ce mata ko sannu ba. Saboda ita nake wannan rubutu, kuma saboda kada a wayi gari a ce Kaka mai waina ce kawai.

Waina kam ta soya. Tun tana da ƙuruciyarta ta biyo kakana daga Garwa, ta kafa tanda a ƙofar gidan nan, ba ta ɗaga ba sai da ƙafafunta suka ƙi. Amma abin da aka fi saninta da shi tambaya ce guda: "Daga ina?" Ba wanda ya tsira. Ko ɗan sanda ne ya tsaya sayen waina sai ya faɗi ƙauyensu. In ka ce Kano, sai ta ce Kano faɗi gare ta, wace unguwa? In ka faɗa, shi ke nan sunanka ya tafi, ka zama Mutumin Dala ko 'Yar Marwa har ƙarshen rayuwarka. Takan ce baƙo in an tambaye shi garinsu, rabin gajiyarsa ta sauka. In sabon zuwa ne kuma ba shi da kowa, washegari sai ka ga ta nemo wani abu na garinsu ta dafa, ko da kwaikwayo ne. Ta taɓa yi wa wani yaron Agadas wani abinci da ta ce nasu ne, ya cinye tas, daga baya ya gaya mini bai taɓa ganin irinsa ba a duniya.

Mu jikokinta da aka haifa a nan, mu ne abin tsokanarta. In na ce ni 'yar Libreville ce sai ta taɓe baki. "Nan aka yanke cibiyarki, na yarda, ni na binne ta. Amma ba daga nan kika fito ba."

Faransanci kuwa ta yi masa kunnen uwar shegu. Fiye da rabin rayuwarta a Gabon, abin da ta riƙe bai wuce gaisuwa, da "nawa ne", da "ya yi tsada" ba. In na yi mata gori sai ta ce su masu yaren ai sun koyi cewa waina, to wa ya ci riba?

Akwai mutum ɗaya da ba ta taɓa ambata ba, shi ne ɗanta na fari, babban kawuna. Wanda bai tashi cikinmu ba zai ɗauka ƙiyayya ce. Kunya ce. Matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa ce masa ɗana, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, kai ko kallonsa ba sa yi sosai. Kaka kuwa ta kai abin ƙarshe. Mahaifiyata ta ce tun suna yara, in Kaka tana son aikensa sai ta dubi bango ta ce, "Wani ya ɗebo ruwa." In mai sunansa ya zo sayen waina, sai ta laƙaba masa gari tun kafin ya zauna.

Da ya girma sai ya tsallaka Bata, a Ikwatoriyal Gini, yana fataucin atamfa. Can ya auri wata 'yar ƙasar ba tare da yardar kakana ba. Kakana ya yi rantsuwa ba shi ba shi, kuma har ya rasu bai warware ba. Daga nan kawuna ya zama Mutumin Bata a bakin Kaka, kamar kowane baƙo. Ina ƙarama labarin rasuwarsa ya iso, cewa zazzaɓi ne, kuma Hausawan can sun yi masa sutura. Na tuna gidan ya kaure da kuka. Kaka ta ce, "Allah Ya jiƙan Musulmi," ta tashi ta shiga ɗaki. Hawaye ko ɗigo ba wanda ya gani. Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan, ina cewa a raina wace irin zuciya ce da matar nan.

Shekaru suka shuɗe, na yi aure, na haihu, na dawo kusa da ita da zama. Sai wani ɗan kasuwa mai zuwa Bata ya tsaya karin kumallo, ya ce ya ga abin mamaki: wata mai sayar da kifi a kasuwar can, fuskarta sak ta marigayi, har wushiryar. Ya bincika, ashe 'yarsa ce. Uwarta ma ta rasu. Ya karɓo lambar wayarta.

Kaka tana juya waina lokacin. Ba ta ɗago ba. Amma wainar da ke tandar duk ta ƙone, abin da ban taɓa gani ba.

Ni aka sa na kira, domin Sifaniyanci ake yi a can, kuma ni ce na yi shi a makaranta, ko da yake yawancinsa ya bi ruwa. Muka yi ta lalube ni da ita a waya. Abin da na fahimta ya tsaya mini a rai. Ta ce mutanen uwarta suna kiranta Bahaushiya, Hausawan kasuwa kuma suna kallonta baƙuwa. Tana jaririya ubanta ya rasu. Ba ta neman komai, tambaya ɗaya ce da ita: daga ina ubanta ya fito? Na ce ta zo. Ta ce sai ta samu takardun tsallakowa, kuma abin yana ɗaukar lokaci.

Lokacin ne kuma ba mu da shi. Ƙafafun Kaka sun fara kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta yi 'yar tafiya. Likita ya kira mahaifiyata gefe ya yi mata maganar da ta sa ta fito ido jajir.

Wata safiya ina taya ta zuba ƙullu, sai ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi don na yi makarantar boko, ta ce, "Ke 'yar lakwal, da yaren mutanen Bata yaya ake cewa daga wuri kaza na fito?"

Na fashe da dariya. "Kaka, Faransancin da ke ƙofar gidanki kin ƙi shi, sai na ƙetare?"

"Na tambaye ki tarihi ne?"

"Ai ba sai kin wahala ba. In ta zo ki yi Hausarki, ni in fassara."

Ta tsuke fuska. "Ba da bakinki zan yi magana ba. Za ki koya mini ko in nemi wani?"

Na ce me ya yi zafi? Ta juya mini baya. Muka yi kwana da kwanaki ba ta kula ni sosai, ta daina ajiye mini wainar gefen tanda mai ƙamas-ƙamas da ta san ina so. Ni na gaji na sauko.

Kalmar ita ce *venir*, wato zuwa ko fitowa daga wani wuri. Na ce mata in ke ce, *vengo de*. In wadda kike wa magana ce, *vienes de*. In wani ne can, *viene de*. Zan ci gaba ta ɗaga hannu ta ce waɗannan sun ishe ta: ni, ke, shi. Ba ta karatun boko, don haka da baki muka yi, a gaban tanda. Kowane gurbi ta zuba wa ƙullu sai ta ba shi kalma: "Bengo. Biyenes. Biyene." In ta manta sai ta zagi yaren da masu shi, ta ce mutanen da ke canza kalma don kawai mutum ya canza ai ba su da alƙawari.

Cikin ɗan lokaci unguwa ta shiga uku. Ba abin da ya tsira. Shinkafa biyene de kasuwa. Ruwan sama biyene de Allah. Direban nan ɗan Mali ya zo, ta nuna shi da cokali ta ce, "Biyenes de Mali, kuma ba ka da kunya." Masu saye suka riƙa amsa mata suna dariya. Amma ni da nake kusa na ga abin da ba su gani ba. Bayan ta idar da sallar walaha takan zauna a kan darduma, numfashinta yana sama-sama, leɓɓanta suna motsi. Na ɗauka tasbihi ne, sai da na matsa na ji bitar darasi take.

A haka Kawu Ƙarami ya same mu. Shi ne autanta, yana da gidansa mai kyau a Angondjé, ya yi ta fama ta koma can ta ƙi. Mutum ne mai riƙo, kuma yana ganin rantsuwar mahaifinsu amana ce a wuyansa. Ya tsaya yana saurare, ransa a ɓace.

"Inna, a wannan shekarun, da rashin lafiyar nan, maimakon ki riƙe carbi?"

"Carbin nawa ka taɓa ƙirga mini?"

"Yarinyar nan fa ba mu muka raɗa mata suna ba. Ba mu san addininta ba, ba mu san tarbiyyarta ba. Baba kuma ya yi magana kafin ya rasu."

Kaka ta juya wainarta a hankali. "Shi ya yi rantsuwa. Ni ka ji na yi?"

"To ki faɗa mini, wace ce ita a wurinki?"

Na ga bakinta ya buɗe ya rufe. Amsar tana nan, amma kafin ta kai ga yarinyar sai ta bi ta kan uban, kuma wannan hanyar a toshe take tun kafin a haifi mai tambayar. Ta ce, "'Yar Mutumin Bata ce." Kawu ya ce to ai kin ji, ya shiga motarsa.

Bayan tafiyarsa ta ci gaba da suyarta. Can sai ta ce, tana kallon wuta, "Maƙwabciyarmu, da a ce wannan yaren take yi, in za ta nuna yaronta ta ce nata ne, me za ta ce?"

Na ce, "*Mi hijo*."

"Sake faɗa."

Na sake. Ta gyaɗa kai. Ba ta maimaita ba, ranar ko bayanta, ita da take maimaita komai har kunne ya gaji. Na ɗauka kalmar ce ta yi mata nauyi a harshe.

Takardu suka fito bayan mun fara fid da rai. 'Yar kawuna ta biyo kwale-kwale ta garin Cocobeach, ta iso mana bayan la'asar. Kaka ta sa aka yi mata wanka, ta ɗaura zanen da take ajiye wa salla, aka zaunar da ita a kujera a tsakar gida. Kawu ma ya zo, ya ce don kada a ce ba ya nan. Ya tsaya can bakin ƙofa hannuwa a baya.

Da baƙuwar ta shigo, mahaifiyata ta dafe ƙirji. Yayanta ne ya dawo a siffar mace. Baƙuwar ta durƙusa nesa kaɗan, tana rarraba ido. Ni kuma na gyara tsayuwa a tsakaninsu, tafinta guda, ina ta haɗa kalmomi a kaina.

Kaka ta ture ni da bayan hannu. Ta yafito ta. Ta kama fuskarta da hannu biyu ta dube ta, irin duban da ba ta taɓa yi wa mai fuskar na asali ba. Matar da ta tambayi duk duniya daga ina, ranar ba ta yi tambaya ba.

Kaka ta dafa nata ƙirjin ta ce, "Bengo de Garwa."

Baƙuwar ta zaro ido.

Kaka ta sauke hannun zuwa cikinta. "Tu fadre biyene de mi." Ubanki daga gare ni ya fito. Ta ja numfashi, muna jin ƙararsa. "Mi iho." Ɗana.

Sannan ta kira sunansa. Cikakke, a fili, a gaban 'ya'yanta da jikokinta. Ta sake kira. Farantin da ke hannun mahaifiyata ya faɗi ƙasa. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin wannan suna daga wannan baki ba.

"Biyenes de mi," Kaka ta ce, ta jawo ta jikinta. Kukan da aka bi ta bashi tun ina ƙarama, ranar ta yi shi. Ban san tsohuwa tana da irin wannan murya a ciki ba. Na tsaya da Sifaniyancina a baki ba inda zan kai shi. Sai a lokacin na gane dalilin faɗanmu. Da Hausa za ta yi in fassara, da kalmar ba ta fito ba har abada, domin a Hausa aka ɗaure mata harshe. Sai ta je ta aro yaren da babu wanda ya taɓa koya mata kunya a cikinsa. Tana haki, tana ƙona waina, tana shan dariyar unguwa, duk don ta samu ƙofar da za ta fitar da kalma ɗaya. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani.

Da na waiwaya, Kawu ba ya nan. Ba wanda ya san ko fushi ne ya fitar da shi ko wani abu.

Da safe na kai mata kunu, na ce bari in tsokane ta. "Kaka, jiya an yi abin kunya a gidan nan. An kira sunan ɗan fari."

Ta kurɓi kununta. "Wa ya kira?"

"Ke mana."

"Da Hausa kika ji na yi magana?"

'Yar kawuna ta ɗan kwana biyu tare da mu. Kaka ta koya mata juya waina, ita kuma ta gyara mana kifi yadda ba mu taɓa ci ba. Hirarsu ba ta wuce kalmomin nan da nuni da hannu ba, amma sai su wuni. Kawu bai sake leƙowa ba har ta koma. Bayan 'yan watanni, wata safiyar Juma'a, Kaka ta cika tana kalmar shahada, kanta a cinyar mahaifiyata. Ni na kira Bata na faɗa.

Shi ya sa da na hango ta a bakin lungu gabana ya faɗi. Kafin ta kai ƙofa sai ta ratsa ta gaban tamfol ɗin maza, inda Kawu yake zaune yana karɓar gaisuwa. Na yafa mayafi na fito da sauri, amma na makara. Dattijon nan na Maraɗi ya riga ya karkata wajen Kawu yana tambaya, da ƙarfi irin na masu nauyin kunne: "Alhaji, wannan baƙuwa daga ina?"

Kawu ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Sannan ya miƙe, ya sa takalmi, ya taka cikin taɓo har inda take. Ya karɓi jakar daga hannunta. Ya juyo ga mutane.

"Ba baƙuwa ba ce. 'Yar Yaya ce. Daga gidan nan take. Ku yi mata gaisuwa, ita ma kakarta ce ta rasu."

Da kansa ya kai ta har ƙofar ɗaki, ya ce wa mahaifiyata a matsa mata. Aka zaunar da ita a tabarma tsakanina da mahaifiyata. Mata suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa a gabanta: "Ya haƙuri? Ya haƙurinmu?" Ta dube ni. Na raɗa mata amsar a kunne. Ta share ido, ta gyara mayafin da ya sake zamewa, ta ce, "Da godiya." Hausarta ta farko ke nan.

Allah Ka jiƙan Kaka, Ka yalwata mata makwanci, Ka saka mata da alherin duk baƙon da ta ciyar. Daga gare Ka ta fito, gare Ka ta koma. Ka haɗa ta da ɗanta a inda za ta kira sunansa yadda take so.